Baƙin da Suka Sauka a Raken Mama Alisabatu

"To ai ni ban ce ki kore su ba," in ji Baba Irimiya. "Cewa na yi ba su yanki tikiti ba."

"Ka ji shi ko, Munzali?" Mama Alisabatu ta juyo wajena. "Shekara goma sha ɗaya da barin aikin jirgin ƙasa, har yau tikiti yake nema a hannun tsuntsu."

"Fasinjoji ne ko ba fasinjoji ba?"

"Baƙina ne."

"Baƙon da bai aiko zai zo ba!"

"Kai da ka zo gidan ubana neman aurena, aikowa ka yi? Ba daga kan jirgi ka diro ba, fuska baƙi ƙirin da kwal, har ƙannena suka ruga suna ihu wai dodo ya shigo?"

Baba Irimiya ya yi dariya har rediyon da ke kan cinyarsa ya faɗi. Mama ba ta yi ba. Ta fara, sai ta tuna abin da ke damunta, ta haɗiye sauran.

Ranar Juma'a ce, cikin watan Maris na 1987. Bayan an sauko daga masallaci na hau keke daga Tudun Fulani zuwa gidansu da ke kan hanyar Beji, don in ji ƙarfe nawa za a fara aikin gayyar yankan rakenta gobe Asabar. Mama Alisabatu kaji take sayarwa a kasuwar Bosso. Mahaifiyata ba ta sayen kaza a hannun kowa sai ita tun kafin a haife ni, shi ya sa take ce mini ɗanta, kuma shi ya sa duk gayyar da ta kira nake zuwa da addata. Na iso na tarar da dawa a jiƙe, doya a tare, akuya a ɗaure tana jiran gobe, ita kuwa mai gayyar tana cewa ba za a yanka ko kara ɗaya ba.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane dalili.

An haifi Mama Alisabatu a wani ƙauye kusa da Beji. Tana budurwa takan ɗauko itace a kafaɗa, kamar yadda matan Gbagyi ke yi, ta kawo unguwar ma'aikatan jirgi a Minna. A nan ta haɗu da Irimiya, wanda aikinsa shi ne zuba kwal a cikin injin jirgi, a zamanin da jirgi ke tafiya da wuta da ruwa. Fayaman ake ce wa masu wannan aiki, kuma har yau in tana son tsokanarsa haka take kiransa. Da suka yi aure ta bar itace ta kama kaji. Gwaggonta ce ta koya mata yadda ake sanin kaza mai kitse: ba a duban gashi, ba a kuma yarda da nauyi kaɗai. Juya ta ake yi, a hura iska a ƙirjinta, gashin ya dare, fata ta bayyana. In akwai kitse za a gan shi rawaya a ƙarƙashin fata. Shekara talatin tana hura ƙirjin kaji, har ya zama ko agwagwar maƙwabci ta kama don ta mayar masa, sai ta hura tukuna. Baba Irimiya ya rantse mini ranar da aka haifi 'yarsu Esta sai da ya tsaya a kanta, don kada ta hura jaririya.

Tana da 'yar gonar rake a bakin rafi, gadon mahaifinta. Duk shekara in damina ta wuce, waɗansu 'yan tsuntsaye kan zo, masu rawayan ciki da doguwar wutsiya da ba ta zama wuri ɗaya. Ita 'yan rawa take ce musu. Da rana suna bin shanun Fulani suna tsintar ƙwarin da ƙafar shanu ta tayar, da magariba su zubo cikin raken su kwana.

Wata shekara, cikin sanyi, ɗaya ya shiga ƙarƙashin kwandon da take zuba wa 'yan tsaki gara. Ta kama shi don ta sake shi, amma hannu ya riga ya saba, ta juya shi ta hura. Ba komai, fata da ƙashi. Bayan wata uku wani ya sake shiga. Ta hura, ta ce sai da ta zauna a ƙasa.

"Ɗana, kitse! Ramin wuya ya cika, ƙashin ƙirji ya nutse, ciki ya yi rawaya kamar kazar Kirsimeti. Na ce kai, wa ke ciyar da kai a bayan idona?"

Bayan mako guda ba ko ɗaya a gonar. Shekara ta zagayo ta sake gwadawa da gangan: kwando, ɗan sanda, igiya, gara. Haka dai. Duk rani suna nan a rame suna rawa, sai in zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga kudu, su kama ci kamar an aiko su, cikin mako biyu ko uku su cika, su ɓace.

Dalilin kuwa sai da aka buɗe jami'a a Bosso ta ji shi. Wani malami, Malam Ndagi, ya zo sayen kaza, ta tsare shi da tambaya har kazar ta yi barci a hannunsa. Ya ce mata tsuntsayen nan arewa suke zuwa, su ƙetare hamada inda ba ƙwaro ba ruwa, su ƙetare teku, su je ƙasashen Turawa su yi ƙwai. Kitsen nan shi ne guzurinsu, shi suke ƙonawa a sama. Ta ce to me ya hana su zama da kitsensu tun farko? Ya ce nauyi. Tsuntsu mai nauyi ba ya tashi da sauri, shaho zai same shi, don haka ba ya ɗaukar kaya sai tafiya ta matso.

Da ta kawo labarin gida, Baba Irimiya ya miƙe tsaye.

"Abokan aikina ne ashe! Wa ya taɓa cika inji da kwal yana kwance a loko, rumfar ajiye injuna? Sai an ce gobe Kaduna!"

Tun daga nan ta kafa wa kanta doka: ba a taɓa rakenta sai 'yan rawa sun tashi. Mutane sun sani, suna mata dariya, ita ma tana taya su.

To, a wannan shekarar masu farautar gafiya sun cinna wa ciyawar bakin rafi wuta tun cikin Janairu, ta ƙone ƙurmus. Daga gadar hanya har zuwa inda rafin ya karkata, ba wani wurin ɓuya da ya rage sai rakenta. Ta ci gaba da gwada baƙinta. Da ta ga sun kusa cika, ta lissafa kwana, ta aika wa ƙanen mijinta Shekwolo, wanda shi ne shugaban 'yan gayya, cewa Asabar. Lissafinta bai kuskure ba. Ranar Talata suka tashi, ta taka rawa a bakin gona.

Ranar Alhamis da magariba ta je ɗebo ruwa, sai ta ji raken yana ta surutu. Waɗansu ne suka sauka, ɗaruruwa, daga kudu. Da safiyar Juma'ar nan da na je, ta kafa kwando ta kama uku.

"Ƙashi, ɗana. Kamar bakin wuƙa. Ɗayan ma da na buɗe hannu sai da ya yi tunani kafin ya tashi."

Ashe duk shekara akwai na biyu, waɗanda suka yi rani can ƙasa wajen kurmi, sukan yada zango a nan su ci su ƙara gaba. A ciyawar rafi suke kwana, shi ya sa ba ta taɓa sa su a lissafi ba. Bana ba ciyawa.

"'Yan gida ta ƙidaya," in ji Baba Irimiya, yana ɗaga yatsa, "ta manta jirgin Ikko bai iso ba."

"Fayaman, in ba ka da abin da zai taimake ni, kunna rediyonka."

Matsalar ba ƙarama ba ce. Gida ɗaya gayya ɗaya yake samu a shekara. Mutum ashirin da biyu sun ajiye aikinsu saboda ita. Wanda ya kira gayya ya mayar da mutane gida da adda a bushe, ba a yi masa faɗa, sai dai baɗi in ya kira kowa ya ce ƙafarsa na ciwo. In kuma aka yanke raken, baƙin nata ba su da wurin kwana, ga shaho, ga muzuru, ga hamada a gaba, ciki ba komai. Na tambaye ta kwana nawa suke bukata. Ta ce in ƙwari sun yi yawa, takwas, ko goma.

"To gobe me za ki ce wa Shekwolo?"

"Ban sani ba. Kai dai ka zo da addarka."

Asabar da hantsi muka taru a bakin gona. Akwai 'yan cocinsu, akwai maƙwabta, akwai mu uku daga Tudun Fulani. An kawo mai ganga. Shekwolo ya iso da adda a kafaɗa, hula a karkace. Tsakaninsa da matar yayansa wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Matata! Ina kunu? Yau sai kin gane kin auri wanda bai dace ba a gidanmu."

"Mijina ƙarami, sannu da zuwa. Ajiye addar, miƙo hannu."

"Kyauta tun da safe?"

Ta ciro wata jar kaza daga kwando ta ɗora masa.

"Juya ta. Hura."

"In hura kaza? A gaban mutanena?"

"Kai ne kullum kake cewa numfashinka ya fi na yayanka."

Aka fashe da dariya. Shekwolo ya cika kumatu ya hura, kazar ta yi ƙara ta harbe shi a haɓa.

"Me ka gani?"

"Na ga abincin rana."

"Kitse ka gani. To riƙe wannan. A hankali, ba rake ba ne."

Ta zaro ɗan tsuntsu daga wata 'yar jakar tsumma, ta sa masa wuyan tsakanin yatsu biyu, ta nuna masa yadda zai juya shi. Hannun Shekwolo kamar faranti yake, tsuntsun ya ɓace a ciki sai wutsiya. Ya hura da ƙarfi irin na kaza.

"Za ka tura shi Kano! A hankali!"

Ya sake hurawa a hankali. Gashin ya dare. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai ba shi da lafiya," ya ce daga baya.

"Lafiyarsa lau. Tafiya ce ta cinye shi. Daga kurmi ya taso, ƙasar Turawa za shi, nan ne masaukinsa. In ka yanke raken nan yau, a ina zai kwana ya ci ya cika?"

"Ƙasar Turawa? Wannan? Ni ko Kaduna ban taɓa zuwa ba!"

"Mu gani! Mu gani!" in ji 'yan gayya.

Kafin ka ce me, an jingine adduna, ƙarti ashirin sun yi layi. Mama ta ce ba za a wahalar mata da baƙo ɗaya ba, mutum uku kawai za su hura, sauran su leƙa. Wani Yisa, mai gyaran keke, ya hura ya ce wallahi yana jin zuciyarsa tana bugawa a yatsansa. Wani dattijo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Mai ganga ya ce shi ma sai ya gani, ya rataye gangar a wuyan na kusa da shi. Da layi ya zo kaina na leƙa: fata ja, siririn ƙashi a tsaye a tsakiya, rami a gindin wuya da ƙwayar gero za ta zauna a ciki. Sannan Mama ta karɓe shi ta buɗe hannu, ya yi tsalle ɗaya ya faɗa cikin rake.

Shekwolo ya gyara hula.

"Matata, na gani, kuma ya ba ni tausayi. Amma kin san doka. An yanka akuya. Mutanen nan ba za su ci naman aikin da ba su yi ba, ba kuma za su koma gida matansu su tambaye su me suka yanka su ce sun hura tsuntsu ba."

A nan ne Baba Irimiya, wanda tun safe yake zaune a kan kututture yana jiran a ba shi fili, ya miƙe ya hau kan kututturen.

"Jama'a! Ni Irimiya, shekara ashirin da shida ina zuba kwal!"

"Mun sani, Yaya!"

"Ba ku sani ba! Jirgi in ya taso daga Ikko ya iso Minna, a gajiye yake isowa. Ruwa ya ƙare, kwal ya yi ƙasa. Direba na busa, fasinja na zagi, babban tasha na duba agogo. Ni kuwa sai in ce ba inda za mu! Sai tanki ya cika, sai kwal ya taru har ya yi tozo. Don me? Don a tsakiyar daji ba mai sayar maka da kwal! Minna tasha ce, kuma ba a rushe tasha jirgi na ciki!"

Mai ganga ya karɓi gangarsa ya buga masa. Aka yi ta tafi. Baba ya ji daɗi, ya ƙara:

"In aiki kuke nema, aiki ya ƙare a duniya ne? Ga gonaki nan ko'ina suna jiran adda!"

Na ga idon Mama ya yi haske.

"Gaskiyarka, Baban Esta," ta ce da murya mai taushi. "Ga sabuwar gonar doyarka can, da kake sassabe tun watan jiya."

Kowa ya san gonar nan. Kullum da safe Baba Irimiya kan ɗauki adda da rediyo ya ce ya tafi sassabe. Akwai wani mangwaro a bakinta mai inuwa, akwai tabarma a ɓoye a reshensa. Cikin wata guda abin da ya sare bai fi faɗin ɗaki biyu ba, kuma ya shirya aikin ya kai shi har ruwa ya sauka.

"A'a, wannan ai ina kai," ya ce da sauri. "Kada ku wahala. Ni kaɗai na iya ta."

"Yaya, sauko," in ji Shekwolo, yana share hawayen dariya. "Gayya ta gidan nan ce, ba a ce lalle rake ba. Jama'a, gonar Fayaman!"

"To ni kuma me zan riƙa yi da safe?"

"Rake," in ji Mama. "'Yan gayya sun yi aikinka, kai za ka yi nasu."

Haka muka ɗunguma, ganga a gaba, Baba Irimiya a baya yana roƙon a bar masa ko da kusurwa ɗaya. Kafin azahar mun share gonar tas. Yisa ne ya gano tabarmar, aka ɗaura ta a sanda aka zaga da ita kamar tuta. Aka ci sakwara da naman akuya a ƙarƙashin mangwaron, masu kunu suka sha kunu, masu burkutu suka koma gefe da tulunsu. Da za a watse Shekwolo ya ce wa Mama baɗi ma ta kira, za su zo, amma ta fara tambayar jirgin Ikko tukuna.

Gayyar shekara dai ta tafi, rake kuma yana tsaye, ga hadari yana ƙara matsowa. In ruwa mai ƙarfi ya sauka, hanyar fadama takan yanke, amalanke ba ya shiga. Mama ta san haka. Duk da haka kullum da safe sai ta kafa kwando. Ta roƙi wani Bafulatani ya riƙa kawo shanunsa kusa da rafi don ƙwari su tashi. A kasuwa, mai sayen kaza kan tambaye ta, "Mama, yaya fasinjoji?" ta ce, "Ramin wuya ya cika, saura ƙirji." Har mahaifiyata, da ba ta taɓa ganin tsuntsayen ba, ta fara tambayata ko sun ƙara ƙiba.

Rana ta tara bayan gayya, Litinin, na biya da la'asar bayan na tashi daga shago. Na same su su biyu a bakin gona. Ta ce da safe ta kama biyu, ta hura, ba ta ga ƙashi ba sam, rawaya har gindin wutsiya, kuma yau ko kallon gara ba su yi sosai ba.

Rana ta yi ƙasa. 'Yan rawa suka fara dawowa daga wajen shanu, goma-goma, ashirin-ashirin, suna kuka siriri. Amma ba su faɗa cikin rake ba. Suka taru a sama suna zagaye, suna ƙara tashi, har suka zama kamar an watsa barkono a sararin sama. Sannan suka miƙe arewa.

Baba Irimiya ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito mai tsawo irin na jirgi, sau biyu. Mama ta cire ɗankwali tana kaɗawa tana tsalle, mace mai jikoki huɗu.

"Ku gai da Turawa! Kada ku tsaya wasa a hanya! Wanda ya rame ya dawo wajena!"

Muka tsaya har ba ma ganin komai. Raken ya yi shiru. Daga kudu aka yi walƙiya guda, can nesa, iska mai ƙanshin ruwa ta taɓa ganyen.

Mama ta ɗaura ɗankwalinta, ta dubi hadarin, ta dubi raken, ta dubi mijinta.

"Bari mu ƙara kwana biyu," in ji Baba. "Wa ya sani ko jirgin Fatakwal na hanya?"

"Na duba rafi har gada, ba kowa. Akwai sauran haske, za mu iya layi biyu kafin duhu."

"Bayana, Maman Esta."

"Bayan da ya zuba kwal shekara ashirin da shida?"

Ta jawo adduna biyu daga ƙarƙashin kwando, ta miƙa masa ɗaya ta ƙota. Ta ce mini in gaya wa mahaifiyata akwai jar kaza mai kitse, wadda shugaban gayya da kansa ya hura, in tana so ta aiko kafin Laraba. Sannan ta saɓa addarta a kafaɗa ta nufi layin farko, tana kiran Fayaman ya ɗago ƙafa.